Hutun bakin teku a Zanzibar

Zanzibar rukunin tsibirai ne a Tekun Indiya, daura da gaɓar Tanzaniya, kuma tana cikin wuraren da aka fi zuwa hutun bakin teku a nahiyar Afirka. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, amma in baƙo ya ce za shi Zanzibar, galibi Unguja yake nufi, domin can babban birnin yake, can filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa yake, can kuma mafi yawan otal-otal suke. Tsawon Unguja kimanin kilomita 85 ne, faɗinsa bai kai 40 ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum kusan miliyan 1.9 ne ke zaune a tsibiran, mafi rinjayensu Musulmi, harshensu Suwahili. Tun ranar 26 ga Afrilun 1964 Zanzibar ta haɗe da Tanganyika suka zama Tanzaniya, sai dai har yau tana da shugabanta da majalisarta da ke kula da harkokin cikin gida, ciki har da yawon buɗe ido.

A da can kanumfari ne ke riƙe da tattalin arzikin tsibiran. Baƙin da suka shiga a 1985 ba su kai 20,000 ba, amma a 2023 sun haura 600,000, kuma yanzu yawon buɗe ido ne babbar hanyar samun kuɗin waje.

Hanyoyin tsara hutu

Hutun Zanzibar iri biyu ne a kasuwa. Na farko shi ne na jumla: kamfani ya haɗa kujerar jirgi da ɗakin otal da abinci da motar ɗauko baƙi, ya sa musu kuɗi ɗaya, ranar tafiya ɗaya, ranar dawowa ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuwa Umara ta hannun kamfanonin jirgin yawo ya san tsarin. Asalinsa a Turai ana danganta shi da Thomas Cook, wanda ya ɗauki mutum kusan 500 a jirgin ƙasa daga Lesta zuwa wani gari na kusa a Ingila a 1841. A Zanzibar kamfanonin Italiya ne suka yi fice da shi tun shekarun 1990, musamman a gaɓar Kiwengwa. Yana da araha, ba shi da wahala, amma baƙo na iya cinye mako guda bai leƙa bayan katangar otal ba.

Na biyu shi ne wanda ake tsara wa matafiyi gwargwadon buƙatarsa. Mai tsarawa, ko kamfani ne ko ɗan gari mai lasisin jagora, zai fara da tambayoyi: ku nawa ne, akwai yara ko tsofaffi, wane wata za ku zo, kun iya ninƙaya, nawa kuka ware, kuna son otal da ba a sayar da giya? Daga amsoshin ne zai raba kwanakin, misali biyu a tsohon birni, huɗu a arewa, sauran a wani ƙauyen gabas, da mota da direba da jagora. Wasu kan haɗa da 'yan kwanaki a gandun namun dajin Serengeti ko Nyerere kafin su sauko bakin ruwa. Yawanci ya fi na jumla tsada, kuma mutane da yawa sun ɗauka alatu ne kawai na masu hannu da shuni. A Zanzibar ba haka abin yake ba, domin gaɓa biyu da tsakaninsu bai fi tafiyar awa ɗaya ba suna iya bambanta ƙwarai, kuma hoton da ake gani a intanet ba ya faɗin wannan.

Ruwa da wata da iska

Babban abin da ke raba gaɓoɓin Unguja shi ne cikowa da janyewar teku. Sau biyu a kwana ruwa ke cikowa, sau biyu yake janyewa, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Wata ne ke jan ragamar abin. A kwanakin tsayuwar wata da na daren sha huɗu bambancin tsayin ruwa tsakanin cikowa da janyewa yakan kai kusan mita 4, a tsakanin waɗannan lokuta biyu kuma sai ya ragu sosai. Saboda haka masunci da ya san kwanan watan Musulunci ya san lokacin da zai tura kwalekwalensa ba sai ya duba takarda ba.

A gabas, wato Matemwe da Kiwengwa da Bwejuu da Paje da Jambiani, ƙasan tekun shimfiɗaɗɗe ne, ga kuma shingen duwatsun murjani can nesa da ke tare manyan igiyoyi. In ruwa ya janye, yakan bar fili mai nisan kilomita guda ko fiye a wasu wurare: farin rairayi mai laushi kamar gari, ƙananan kududdufai, kwale-kwalen ngalawa masu fiffike biyu na katako kwance a gefe guda suna jiran ruwa ya dawo. A lokacin ne mata ke fita da buhuna da igiyoyi zuwa gonakinsu na ciyawar teku. Sukan kafa turaku layi-layi, su ɗaura ƙananan rassan ciyawar a jikin igiya, su zauna cikin ruwa iya ƙugu suna aiki har sai sun ga ya fara dawowa. Bayan kamar mako shida a girbe, a shanya a rana, a sayar wa masu fitarwa waje, inda ake tace wani sinadari mai sa kauri da ake zubawa a man goge baki da wasu kayan abinci. An fara wannan noma don kasuwa a 1989 a Paje da Jambiani, da irin da aka kawo daga Filifin, kuma ya zama hanyar da dubban mata ke samun kuɗin kansu, ko da yake ɗumamar ruwa tana kashe irin da ya fi daraja.

Ga mai son zama a inuwa ya kalli rayuwa tana tafiya a hankali, babu kamar gabas. Ga mai son ya faɗa ruwa duk sa'ar da ya ga dama, gabas za ta ba shi haushi, domin rabin yini ruwan yana can nesa, kuma tafiya cikin filin ba takalmi na iya jawo takun wata halitta mai ƙayoyi da ke ɓuya a ramukan dutse. Irin wannan baƙo arewa ta dace da shi. A Nungwi, musamman ma Kendwa, ƙasa tana gangarawa da sauri, ruwa ba ya nisa, ana iyo safe da yamma, kuma da yake gaɓar tana kallon yamma ana ganin faɗuwar rana a kan teku. Sai dai can ne cunkoso da kiɗan dare suka fi yawa. A Nungwi har yanzu ana sassaƙa jiragen katako da hannu a bakin ruwa, akwai kuma wani tafki da ake kula da kififiyar teku.

Iska ma tana da nata lokaci. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas ce, wadda ake kira kaskazi, lokacin zafi. Daga Yuni zuwa Satumba ta kudu ce, kusi, mai ƙarfi da sanyi-sanyi, kuma yawancin baƙi sun fi son wannan lokaci. Waɗannan iskoki ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna kawo jiragen fatake daga Oman da Yaman da Indiya, su kuma mayar da su gida bayan watanni. Yau su ne ke jawo matasa zuwa Paje don wasan sulu a kan ruwa da wata babbar lema da iska ke ja. Damina biyu ce. Babbar, masika, tana sauka daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, wasu otal-otal kan rufe, farashi kan faɗi. Ƙaramar, vuli, tana zuwa wajajen Nuwamba, ruwanta ba ya daɗewa.

Abin da ke bayan rairayi

Hutun da ya tsaya a bakin ruwa kawai ya bar rabin Zanzibar. Tsohon birnin, Mji Mkongwe, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 2000. Lungunansa ƙunci gare su, mota ba ta shiga yawancinsu, gidajen an gina su da dutsen murjani da farar ƙasa, ƙofofinsu na katako ne da aka sassaƙa, wasu da ayoyin Alƙur'ani a samansu. Birnin ya bunƙasa ne bayan Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa nan daga Maskat wajajen 1840, arzikinsa kuma ya tsaya a kan kanumfari da hauren giwa da cinikin bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873, aka gina cocin Angilika a wurin, kuma akwai wurin tunawa da waɗanda aka sayar, wanda bai kamata mai ziyara ya tsallake ba. A bakin ruwa akwai fadar Baitul Aja'ib da Sarki Barghash ya gina a 1883, wadda wani sashenta ya rushe a Disamban 2020. Da magariba lambun Forodhani kan cika da masu gasa kifi da tsire da masu matse ruwan rake da citta da lemun tsami.

Daga birnin ana zuwa gonakin kayan ƙamshi, inda jagora zai kankaro ɓawon itacen kirfa ya miƙa wa baƙo ya sansana, ya nuna masa masoro yana hawa jikin wata bishiya, da kanumfari tun yana ɗanye. A tsibirin Changuu akwai manyan kunkuru da aka kawo kyauta daga Seshel a 1919. Dajin Jozani, wanda ya zama gandun daji na ƙasa a 2004, shi ne mazaunin wani jan biri da ba a samunsa ko'ina sai Zanzibar. A Kizimkazi da ke kudu akwai masallacin da tsohon rubutun Larabci irin na Kufi na jikin mihirabinsa ke ɗauke da shekarar 500 ta Hijira, wato 1107. Pemba kuwa tuddai ne da korayen gonaki, ita ke noma mafi yawan kanumfarin, otal-otal ɗinta kaɗan ne, sai mai neman kaɗaici na gaske ko mai nutso a ruwa ke zuwa.

Addini da mutunci

Ga baƙo Musulmi, Zanzibar tana da sauƙin da ba kowane wurin hutun teku ke da shi ba. Masallaci yana kusa a kowane ƙauye, naman kasuwa yankan Musulmi ne, mace mai hijabi ba baƙuwar ido ba ce. Yawancin mutanen Shafi'awa ne, da 'yan Ibadiyya da 'yan Shi'a kaɗan. Amma manyan otal-otal na bakin ruwa duniya ce daban, akwai giya da shigar wanka irin ta Turai, don haka iyalin da abin ya dama gara su faɗa tun wajen tsara tafiya, a nema musu ƙaramin masauki ko gida mai wurin wanka na kansa. Hukumomi suna neman baƙi su rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa in sun shiga gari ko ƙauye. A watan azumi yawancin gidajen abinci na cikin gari suna rufe da rana, bikin ƙaramar salla kuwa kwana huɗu ake yi.

Ribar wa, asarar wa

Natsuwar da baƙo ke saya tana da tsada a wajen mai gida. Unguja ba ta da manyan koguna, ruwan ƙarƙashin ƙasa ta dogara da shi, kuma otal mai wurin wanka da lambu yana shan ninkin abin da gidajen ƙauye ke sha. A wasu ƙauyukan gaɓa rijiyoyi sun fara gishiri. Filayen bakin ruwa sun yi tsada, katangu sun toshe wasu hanyoyin da masunta ke bi, shara ta fi ƙarfin masu kwasarta. Manyan otal-otal da yawa na 'yan waje ne, ayyuka masu tsoka kuma sau da yawa suna tafiya hannun waɗanda suka zo daga babban yankin Tanzaniya ko ƙetare. A Kizimkazi an daɗe ana kuka da yadda jiragen baƙi ke rufar wa dabbar dolfin har su takura mata.

A nan hutun da aka tsara da hankali yake da wani amfani da ya wuce jin daɗin mai shi, domin yana ba da damar zaɓen masaukin ɗan gari, jagoran ƙauye, da wuraren da ke kiyaye muhalli. Tsibirin Chumbe misali ne: tun 1994 aka keɓe murjaninsa, ana ƙayyade yawan masu shiga, kuɗin baƙi kuma shi ke biyan masu gadin ruwan da ɗaukar nauyin kai 'yan makaranta su ga abin da ke ƙarƙashin tekunsu.

Shiga da zirga-zirga

Ana sauka a filin jirgin sama na Abeid Amani Karume, ko a hau jirgin fito daga Darussalam, tafiyar kamar awa biyu. Daga Najeriya an fi bi ta Adis Ababa ko Nairobi, kuma agogon Zanzibar yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu. Masu fasfon ƙasashen nan biyu sun daɗe cikin jerin waɗanda ba a buga wa biza a filin jirgi, sai sun nema tun daga gida sun jira amincewa, ana kuma tambayarsu katin rigakafin shawara. Tun 1 ga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi 'yan waje sayen inshorar tafiya ta dala 44 daga kamfanin inshorarta. Kuɗin ƙasar shilin Tanzaniya ne, amma otal-otal da yawa da dala suke lissafi. Daga birni zuwa Paje tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota, zuwa Nungwi awa ɗaya da rabi, a tasi ko a motar haya ta daladala. Wajen sa lokaci da direba ana so a tabbatar da irin agogon da ake magana a kai, domin Suwahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i, ƙarfe biyunsu na safe shi ne ƙarfe takwas.