Vladimir ba "mai mulkin duniya" ba ne

Duk wanda ya bi salsalar kakansa a Rasha ko Yukren ya ci karo da sunan Vladimir, abin da za a fara faɗa masa shi ne wai ma'anarsa "mai mulkin duniya". Fassarar na da daɗin ji, sai dai ba can asalin yake ba.

Kan sunan, "vlad", mulki ne, wannan ba gardama. Rigimar tana wutsiya. A tsofaffin littattafan tarihin Kiev, sarkin da ya karɓi Kiristanci a 988 Volodimer ake rubuta shi, da "mer". Ita "mer" ɗin girma ko shahara take nufi, kuma dangi ce ga "mar" ta sunan Jamusawa Waldemar. Wato dai wanda mulkinsa ya shahara.

Sannu a hankali baki ya karkatar da ita zuwa "mir", kalmar Rashanci da ko yaro ya sani, mai nufin duniya, mai kuma nufin zaman lafiya. Kafin gyaran rubutu na 1918, Rashawa na bambanta ma'anonin biyu da harafi guda, sunan kuwa da harafin "duniya" ake rubuta shi. Nan kuskuren ya samu gindin zama.