Littattafan soyayya masu dangin da aka tsinta a hanya: tambayoyi da amsoshi

Wai meye wannan found family din da masu karanta littattafan Turanci suke yawan ambata?

Ma'anarsa dai dangin da mutum ya samu a hanya, ba jini ne ya hada su ba, zama ne da wahala suka hada su. A littafin soyayya zaka ga jaruma ko jarumin ba shi da kowa, ko maraya ne, ko kuma iyayen suna raye amma gidan ba wajen zama bane, sai rayuwa ta jefa shi cikin wasu mutane, abokan makaranta ko makwabta ko abokan aiki, a hankali har su zama sune masu kwana da shi a asibiti, sune masu tambayar ka ci abinci kuwa yau? Soyayyar saurayi da budurwa tana nan a tsakiyar labarin kuma dole a kare da farin ciki, wannan ka'ida ce a irin wadannan littattafan, amma a karshe ba masoyi kadai aka samu ba, har gida an samu.

A bamu misali mana.

Wanda yafi tsaya min a rai shine jerin littattafai hudu da Nora Roberts 'yar Amurka ta rubuta, na farkon sunansa Sea Swept, ya fito a 1998, na karshen Chesapeake Blue a 2002. Wasu mata da miji ne, Ray da Stella Quinn, shi malamin jami'a ita likitar yara, suna zaune a wani karamin garin bakin ruwa a jihar Maryland, suka dauki yara maza uku da duniya ta gama wulakantawa suka rike, Cameron da Ethan da Phillip. Shi Cameron ma motarsu yazo sata yana yaro jikinsa duk shatin duka, maimakon su mika shi ga 'yan sanda sai suka shiga dashi cikin gida. Bayan sun girma kowa ya kama gabansa, Stella ta riga ta rasu, sai Ray yayi hatsarin mota, kafin ya cika ya dauki alkawarinsu akan zasu rike wani yaro dan shekara 10 mai suna Seth da bai dade da daukowa ba.

To fa nan dadin yake. Garada uku da basu san kan rainon yaro ba sun dawo gida daya, ana cacar baki akan wanki da girki da wa zai duba aikin makarantar yaro, shi kuma yaron ko taba shi baya so ayi saboda abinda ya gani a hannun uwarsa, kullum a shirye yake a ce masa ya tafi. Ma'aikaciyar jin dadin jama'a da gwamnati ta turo ta duba ko sun cancanci rikon, Anna, ita ce suka fada soyayya da Cameron. Daga baya 'yan uwan suka bude sana'ar kera jiragen ruwa tare da yaron a cikinsu. Wallahi ni ba ranar auren nake jira ba lokacin da nake karantawa, ranar da Seth zai yarda cewa ba wanda zai kore shi nake jira.

Dole sai da marayu a ciki?

A'a. A Happy Place na Emily Henry da ya fito a 2023 kawaye ne tun daga jami'a suke haduwa duk shekara a wani gida a jihar Maine, gashi za'a sayar da gidan, gashi masoyan labarin, Harriet da Wyn, sun rabu amma sun kasa fadawa sauran don kada taron ya watse. Tsoron rasa kawayen ya kusa kai zafin rabuwar.

Amma ai Bahaushe yace tsintacciyar mage bata mage, ba rena zumunci bane wannan?

Tambaya ce mai nauyi, kuma gaskiya akwai littattafan da suke saurin zubar da iyaye, uwa tayi kuskure daya shikenan a yanke ta a koma wajen kawaye, wannan kam bana goyon bayansa, hakkin iyaye baya faduwa da sauki haka. Amma shi wannan Bahaushen ne yace zumunta a kafa take, kuma yace da na kowa ne. Wa bai san matar da ba ita ta haife shi ba amma yana ce mata Inna har ta koma ga Allah? Muna da 'yar riko, muna da uwar daki, muna da almajirin da ya shiga gida yana wanke-wanke har mai gidan yayi masa aure. Manzon Allah (SAW) da kansa ya kulla 'yan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar a Madina. Inda muka bambanta da Turawa shine su yaron da aka dauka yana komawa sunan gidan gaba daya, mu kuma Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu, riko baya canza nasaba.

Marubutan Hausa suna rubuta irin wannan?

Marainiya da 'yar riko sun cika littattafanmu, tun na bugawa a Kano har zuwa na Wattpad da WhatsApp. Korafina daya, sau da yawa gidan rikon wajen azaba ne, sannan a karshe sai an gano ashe yarinyar 'yar wani attajiri ce da ta bata, kamar darajarta bata tabbata sai an nemo mata jini. Ko ita Nora Roberts din sai da ta bi ta wajen, daga baya ya bayyana Seth jikan Ray ne na jini, kuma raina bai so hakan ba, don yayyen nasa uku ba jini ya basu gidan ba. Ina kwadayin in karanta labarin da makwabciya mai sayar da kosai zata rike yarinya, ta aurar da ita, a kawo lefe gidanta, kuma kada wani Alhaji ya bullo a shafin karshe.

Yara zasu iya karantawa?

Wadannan da na ambata na manya ne, akwai shan giya da mu'amalar namiji da mace a fili irin ta rayuwar can, don haka iyaye su duba kafin su mikawa 'yan mata da samari.