Waiwaye: Tun yaushe kifi da agwagwar daji suka fara ƙaranci a fadamar Rima?

Da zarar hunturu ya kama, gardamar nan takan sake tashi a bakin ruwan Kwalkwalawa da majalisun mafarauta a cikin birnin Sakkwato. Masunta na gado suna cewa samari masu jan gidan sauro a ruwa ne suka kashe sana'a. Masu fatsa, waɗanda ke fita ranakun hutu don sha'awa, suna ɗora laifin a kan madatsun ruwa. Maharba kuma suna kukan cewa bindiga ta yi yawa, shi ya sa kirinjijiya, agwagwar dajin nan, ba ta sauka kamar da. Kowa yana da ɗan abin kamawa a maganarsa, amma duk suna yi ne kamar shekaran jiya abin ya faɗo. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan ya fi shekara 40 yana tsami.

Abubuwan da aka saba lissafawa sanannu ne. Farin 1973 ya girgiza ƙasar nan duka. An kammala madatsar Bakalori a kan kogin Sakkwato a 1978, ta Gwaranyo a kan kogin Rima a 1984, shekarar da wani farin ya sake aukuwa. Tun daga nan ambaliyar damina ta rage tsayi da faɗi a ƙasan madatsun, gonakin shinkafa da yawa suka koma na gero, wuraren da kifi ke hayayyafa suka tsuke. Kafin wannan ma komar zaren roba ta riga ta kori ta auduga, daga baya gurar Mali, wani tarkon kifi, ta shigo ta bazu. Tafkin Kalmalo na wajen Illela ya sha ƙafewa. A 2010 ruwa ya yi ɓarna a garuruwan Rima, a 2018 kuma na Gwaranyo ya ja baya har hankalin birni ya tashi. Duk wannan an faɗa an maimaita.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ruwan da ke saura bayan ambaliya ta janye, da abin da ya same shi daga tsakiyar shekarun 1980.

Ruwan saman Sakkwato na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a yawancin shekaru yana tsakanin milimita 600 da 700. Idan kogi ya cika ya malala cikin fadama, kifi yakan bi shi ya shiga ciyawa. Tarwaɗa da ramboshi suna zuba ƙwai a sabon ruwa mara zurfi. Balli yana share fili a cikin ciyawa ya yi sheƙa zagayayya mai faɗin kamar mita 1, yauni kuma tasa sheƙar a kan ruwa take yawo. 'Ya'yan suna samun abinci da maɓoya na wata biyu zuwa uku. Daga Oktoba ruwa ya fara komawa, wasu su bi shi zuwa kogi, wasu kuma, masu yawan gaske, su maƙale a tafkuna da guraben da suka yanke daga kogin. Daga nan har Yuni babu wani ruwa sai wannan. Kifin da ya kai damina da rai a cikin gurbi shi ne uwar kifin baɗi. Gurbin rani rumbun iri ne, wanda duk manomi ya san ba a taɓa shi komai yunwa.

Mutanen da sun san haka, shi ya sa manyan gurabe suke da mai su. Sarkin ruwa yakan hana shiga, sai ranar da aka sa za a buɗe a yi su, jama'a su faɗa da homa da gora, a yi yini ɗaya ko biyu a tashi. Bikin Argungu, wanda ya samu siffarsa ta yanzu a 1934, ragowar wannan tsari ne: ana samun manyan kifaye a kogin Matan Fada ranar biki saboda an tsare wurin a sauran watanni. Homa ba ta kwashe gurbi. Ruwa ya kai ƙirji, laka ta tashi, kifi ya nutse ƙasa ko ya shige saiwar ciyawa, abin da ya tsira ya fi abin da aka kama. Kwalfe ruwa da ƙwarya ma daɗaɗɗen abu ne, sai dai ƙarfin hannu ya yi masa iyaka. Kududdufi ake iya kwalfewa, ba tafki ba. Haka ban ruwa: jigo guga ɗaya yake ɗagowa a lokaci guda, kuma ba ya shayar da fiye da 'yar gona.

Bayan farin 1984 ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur ya fara yaɗuwa a fadama, tare da rijiyar bututu da ake haƙawa da ƙarfin ruwa cikin yini guda. Zuwa shekarun 1990 da wuya a bi gaɓar Rima, daga Gwaranyo zuwa Wurno har Wamakko da Silame, ba a ji ƙararsa ba. Dole a faɗi gaskiya, injin nan ya rufa wa dubban gidaje asiri. Albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafar rani da ake alfahari da su yau, da shi aka same su, kuma magidancin da ya ga damina biyu ta ci amanarsa ba wanda zai ce masa kada ya jawo ruwan da ke gefen gonarsa. Amma ba a taɓa zama an yi lissafin abin da injin ke ɗauka daga gurbi ba.

Ga lissafin. Inji mai bakin inci 3 yana iya jan lita 1,000 a minti idan sabo ne kuma ruwan yana kusa. A aikace, da doguwar mesa da ɗan hawa, a ce lita 40,000 a awa. Gurbi mai tsawon mita 50, faɗin mita 20, zurfin rabin mita, lita 500,000 ke cikinsa. Inji ɗaya zai busar da shi cikin awa 13, biyu kuma su gama tsakanin asuba da azahar. Aikin da ƙauye guda ba zai iya da ƙwarya ba, yanzu mutum biyu da jarkar fetur sun ishe shi. Da masu neman kifi suka ga haka, sai injin ya zama kayan kamun kifi: a yi hayarsa a zuƙe gurbi, a tsince abin da ke cikin laka da hannu, babba da ƙarami, har gaiwar da ta fara haƙa ramin da za ta kwana rani. Koma komai ƙanƙantar idonta tana barin wani abu a baya. Gurbin da aka zuƙe babu abin da ya rage masa.

Ko ba a yi niyyar kama kifi ba, ban ruwa kaɗai yana isa. Rijiyar bututu da gurbi ruwa ɗaya suke sha, wato wanda ke kwance cikin yashin ƙarƙashin fadama. Injin ba ya iya tsotso daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, saboda haka wannan ruwan na sama-sama yake ja. Idan rijiyoyi suka kewaye gurbi, ruwan ƙasa ya sauka, gurbin yakan tsiyaye ta gindi ba tare da an tsoma mesa a cikinsa ba. Manoma da kansu sun san alamar, domin ita ce ke sa su haƙa rami su saukar da inji ƙasa idan bazara ta yi nisa.

Sannan ga rana. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, buɗaɗɗen ruwa yana rasa kamar milimita 8 kullum. Cikin kwana 90 ya haura santimita 70. Gurbin da ya shiga Maris da zurfin mita 1 da rabi zai kai damina da ruwa har cinya. Wanda ban ruwa ya rage shi zuwa santimita 80 kafin Maris, taɓo zai zama. Tun kafin ya ƙafe ma kifi ya fara mutuwa, saboda ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin sosai, kuma ta fi ƙaranci da asuba, lokacin da ake ganin kifi yana haki a sama. Giwan ruwa da tsage da kawara su ke fara tafiya. Tarwaɗa da gaiwa, masu iya shaƙar iskar sarari, su ke jurewa. Wannan na cikin dalilan da suka sa kwandon masunci a yau ya koma tarwaɗa da ƙananan karfasa da ƙurungu, mai fatsa kuma ya yini bai ji jan babban kifi ba.

Da gurbi ya bushe sau biyu ko uku a jere, sai garma ta shiga. Ƙasar gindin tafki tana da taki, ba mai barinta. Daga ranar da aka shuka albasa a wurin ya tashi daga hannun sarkin ruwa ya koma gona mai iyaka, kuma ba a cika jin gonar da ta sake zama tafki ba. Ikon sarkin ruwa na hana kamun kifi ya raunana ne ta nan, don wanda ke jan ruwa manomi ne a bakin gonarsa, ba masunci ba, kuma hanin gargajiya bai taɓa shafar ban ruwa ba tunda jigo bai taɓa zama barazana ba. A ƙara da wanke tankin feshi a bakin gurbi. Maganin ƙwarin da kogi mai gudu zai tafi da shi, a ruwa tsayayye mai raguwa, ƙarfi yake ƙarawa.

Agwagwa ma wannan ruwan take nema. Kirinjijiya da dinya 'yan gida ne, a nan suke ƙwai da damina cikin ciyawa. Akwai kuma baƙi, ƙananan agwagi masu tasowa daga Turai da Rasha, su ƙetare Sahara su iso wajen Oktoba da Nuwamba, su juya a Maris. Dukansu ruwa mara zurfi suke so, mai bado da burgu da shinkafar daji, inda za su kai baki ƙasa su tsinci iri, da wani faffaɗan ruwa inda za su huta da rana nesa da mutane. Baƙin sun fi buƙatar abinci a Fabrairu da Maris, sa'ad da suke tara kitsen komawa, kuma daidai lokacin ne ban ruwa ya fi tsanani. Tsuntsu yana da fiffike. Idan ya zo shekara biyu bai tarar da ruwa ba, gaba yake yi. Kaɗan ɗin da suka rage sukan taru a wurare ƙalilan irin tafkin Kware da bayan madatsai, maharba su ma su taru a can, sai a ga kamar bindiga ce ta ƙaru.

Ba a wanke mafarauci ba. Harbin kirinjijiya da damina kashe sheƙa guda ne, haka kama wadda ta zubar da gashin fiffike ba ta iya tashi. Harbi daga nesa fiye da mita 35 zuwa 40 raunata tsuntsu yake yi, ya je ya mutu a ciyawa. Ƙwayoyin darma da ke zuba cikin laka kuma agwagi suna haɗiye su a matsayin tsakuwa, ƙundu ya niƙa, gubar ta shiga jini. A ƙaramin ruwan da ake harbi kullum, darmar taruwa take. Haka masu jan gidan sauro da masu zuba guba, laifinsu a fili yake, kuma dokar kamun kifi ta 1992 ta hana guba da nakiya, ta sa inci 3 a matsayin mafi ƙanƙantar idon koma. Sai dai ko kowa ya bi ta sau da ƙafa, koma mai faɗin ido ba ta ceton kifin da aka janye wa ruwa.

Inda masunta da manoma za su iya haɗuwa shi ne a kan zurfi. Ba kowane gurbi ake buƙatar tsarewa ba. A kowane yanki dattawa sun san ɗaya ko biyu da ba su ƙafe ba ko a 1984, kuma su ne abin farawa. A kafa turke a wuri mafi zurfi, a yi masa alama a mita 1 da rabi. Kafin ƙarshen Fabrairu a sha ruwan da ke saman alamar, da ya taɓa ta a ɗauke mesa. Bakin kowace mesa a ɗaura masa raga mai ƙananan ido, a ɗaga shi daga laka, don kada ya zuƙe 'ya'yan kifi. Sababbin rijiyoyi a ja da su baya daga gaɓa, a bar zoben ciyawa ba a nome ba, wankin tankin feshi kuma a yi shi a tudu. Gurbin da yashi ya cike ana iya yashe tsakiyarsa a Mayu, amma a kula kada a fasa shimfiɗar yumɓun da ke riƙe ruwan, domin idan aka kai ga yashin ƙasa gurbin zai riƙa tsiyayewa fiye da da. Wuya tana wajen manomin da gonarsa ke jikin gurbin, wanda albasarsa ke buƙatar ruwa har Maris. Shi ne zai yi asara, saboda haka sai an yanka masa kaso sananne daga kifin ranar su, an kuma amince da kason a gaban sarkin ruwa da mai gari tun kafin a dasa albasa.