Waiwaye: Yadda Aka Koyi Gano Gubar Masana'antu a Muhalli

A shekarun 1940 da 1950, da launi ake gane maganin ƙwari na DDT. A zuba sinadari a kan samfur, a jira ya canza kala, kuma sai gubar ta yi yawa kafin ta nuna. A 1957 James Lovelock ya ƙera na'urar ECD a Ingila, wadda ke kama sinadarai masu kulorin ko da ƙwaya ɗaya ce cikin biliyan. Aka haɗa ta da na'urar GC mai rarrabe sinadarai ta hanyar iskar gas, sai aka riƙa gano DDT cikin sauƙi a kitsen kifi, da ƙwan tsuntsaye, har da nonon uwa.

Sai dai ECD tana da rauni. Takan nuna akwai wani abu, amma ba ta faɗin sunansa. A Suwidin, Sören Jensen ya yi ta ganin wasu alamomi a takardar sakamako waɗanda ba na DDT ba ne, har a 1966 ya tabbatar da cewa PCB ne, man da ake zubawa a taransifoma. Ma'ana, wasu awon DDT na baya sun haɗa da PCB ba a sani ba. Wannan ne ya sa aka koma ga na'urar MS, wadda ke auna nauyin ƙwayoyin sinadari ta tabbatar da ko mene ne.

Sinadaran PFAS, wato dangin sinadaran masana'antu masu fulorin, sun daɗe suna ɓoye saboda da yawansu ba sa zama tururi cikin sauƙi, don haka GC ba ta iya ɗaukarsu. Sai da LC-MS, wato MS da aka haɗa da na'urar rarrabe sinadarai a cikin ruwa, ta yi ƙarfi aka ga PFOS, ɗaya daga cikin PFAS, a jikin namun daji na sassan duniya a 2001. A 2024 Amurka ta ƙayyade cewa kada PFOS ya wuce nanogiram 4 (nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram) a kowace lita ta ruwan sha.

A irin wannan ƙanƙanta, ɗakin gwajin kansa na iya ɓata aiki. Bututun Teflon yana iya zubar da PFAS cikin samfur, kwalbar gilashi kuma tana riƙe PFAS a jikinta, shi ya sa ake ɗibar ruwan a robar polifirofilin. Dole a tafi fili da kwalbar ruwa tsaftatacce a gwada ta tare da sauran don a ga ko wata guba ta shiga daga waje, a kuma zuba sinadarin shaida, wato PFAS da aka san yawansa aka kuma yi wa alama da kabon-13, tun farko don a san nawa ya salwanta wajen tacewa. Rahoton da ya ce "ba a gano ba" bai kamata a karɓe shi ba sai an rubuta mafi ƙarancin abin da na'urar ke iya gani.