Samari, ku daina jefa batir tsirara a aljihu

Ƙunar iri ɗaya muke ta gani a nan Gombe: a cinya, daidai aljihun wando, wani lokaci har da tafin hannun da aka sa don ciro abin. Sanadin ma ɗaya ne: batirin sigarin lantarki ne, yana aljihu tare da mukullin mashin.

Ƙannena, barin shan abin nan ya fi muku. Amma tunda kuna sha, ku saurara.

Batirin nan mai lamba 18650, duk gangar jikinsa ɓangaren wuta ɗaya ne (−), ɗan kan da ke sama shi ne ɗayan (+). Siririyar ledar da aka naɗe shi da ita da zoben da ke wuyansa su kaɗai suka raba su. Da zarar mukulli ko abin yanke farce ya haɗa biyun, kafin ka ce kwabo ya ɗau zafi ya yi feshin wuta. To me ya sa za ka zuba shi a aljihu kamar goro? 'Yar robar ajiyar batir nawa take? Wallahi ba ta kai kuɗin bandeji ba.

Wajen saye kuma, kada babbar lamba ta ruɗe ka. 18650 na gaskiya ba ya wuce kimanin 4,000mAh (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka), duk wanda aka rubuta wa 9,900mAh jabu ne. Ka duba ƙarfin wutar da yake iya bayarwa ba tsayawa, wanda ake rubutawa da A: Samsung 25R da LG HG2 suna ba da 20A, Samsung 30Q kuwa 15A. Na'ura mai jan wuta da yawa idan ka ba ta batir mai ƙaramin ƙarfi, zafi zai yi. Na gaske yana da nauyi, wajen giram 45, jabu kuma sau da yawa shafal za ka ji shi. Wanda aka ɓalle daga tsohuwar kwamfuta ko tocila, ko kyauta ne, ka bar shi.

Sauran a gurguje:
Leda ta yage ko batir ya lotse, daina amfani da shi.
Na'ura mai cin biyu, sa iri ɗaya da aka saya tare.
Kada ka kwana kana caji, balle a kan katifa.
Kada ka bar shi cikin mota a zafin Maris da Afrilu.

Na sake faɗa: batir ba ya shiga aljihu sai cikin robarsa. Ko na minti biyar ne, ko zuwa masallaci ne ka dawo.

Idan tsautsayi ya faɗa, a cire wandon maza, sai dai in ya manne da fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 20. Ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, ban da baƙin mai. A rufe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti nan take.