Waiwaye: Yadda zaɓen ƙananan hukumomi ya daina nuna ƙarfin jam'iyyu

A ranar 12 ga Yuli, 2025 aka gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a Jihar Legas, kuma hukumar zaɓen jihar, LASIEC, ta bayyana cewa APC ta lashe kujerun ciyamomi 57 baki ɗaya tare da na kansiloli 375 cikin 376, PDP ta tsira da mazaɓa ɗaya tak a Yaba. Wanda bai san Legas ba zai ɗauka babu sauran ɗan adawa a cikinta, alhali a zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairun 2023, a wannan jihar dai, Peter Obi na jam'iyyar LP ya samu ƙuri'u 582,454, Bola Tinubu, wanda ya mulke ta shekara takwas, ya samu 572,606. Hausawan Agege da Mile 12 da Idi-Araba da suka ga zaɓukan biyu da idonsu sun san cewa ba ra'ayin jama'a ne ya juye haka cikin shekara biyu ba. Hannun da ke shirya zaɓen ne ya bambanta, kuma wannan bambancin yana da tarihi.

Tsarin ƙananan hukumomin da muka sani ya samo asali ne daga garambawul ɗin 1976, lokacin mulkin Janar Obasanjo, wanda ya kawo ƙarshen zamanin En'e a Arewa, ya kuma mayar da ƙananan hukumomi mataki na uku na gwamnati. Daga 301 a wancan lokaci, adadin ya yi ta ƙaruwa a hannun sojoji har ya kai 774 a 1996 zamanin Janar Abacha. A rabon, Kano ta samu 44, Jigawa da aka cire daga jikinta a 1991 ta samu 27, Legas kuwa ta tsaya a 20.

Abin lura shi ne, a shekarun ƙarshe na zamanin soja hukumar zaɓe ta ƙasa ce ke shirya wannan zaɓe a rana ɗaya a faɗin Najeriya, shi ya sa sakamakonsa ke zama manuniya ga abin da zai biyo baya. A Disambar 1990, ƙarƙashin shugaban hukumar, Farfesa Humphrey Nwosu, masu zaɓe sun yi layi a fili a bayan ɗan takarar da suke so, aka ƙirga su kowa yana gani, kuma SDP ta ɗan ɗara NRC, tazarar da ta nuna cewa jam'iyyun biyu na Janar Babangida kusan kunnen doki suke. Mafi muhimmanci shi ne na 5 ga Disamba, 1998. Jam'iyyu tara ne suka shiga da rajistar wucin gadi, aka kuma gindaya sharaɗin cewa sai jam'iyya ta samu kashi 5 cikin 100 na ƙuri'u a jihohi 24 kafin ta samu cikakkiyar rajista. PDP ta kwashe fiye da rabin kujerun, APP ta bi mata, AD kuwa ta mamaye ƙasar Yarabawa har da Legas. AD ba ta cika sharaɗin ba, amma aka yi mata rajista a matsayin ta uku. Duk wanda ya karanta wannan sakamako da kyau ya riga ya hango nasarar Tinubu a zaɓen gwamna na Janairun 1999 da ta Obasanjo a Fabrairu.

Kundin tsarin mulki na 1999 ne ya sauya lissafin. Ya damƙa shirya zaɓen a hannun hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda gwamna ke naɗa mambobinsu, sannan sashe na 162 ya sa kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Tun daga nan babu sauran zaɓe na bai-ɗaya: kowace jiha tana yin nata lokacin da gwamna ya ga dama, wasu gwamnonin ma sun shafe shekaru suna mulki da kantomomin riƙo.

Legas tana da nata babin a wannan labari. A 2003 Tinubu ya ƙirƙiri ƙarin ƙananan hukumomi 37, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin jihar na ƙananan hukumomi, rigimar ta kai Kotun Ƙoli. A Disambar 2004 kotun ta ce shugaban ƙasa ba shi da ikon riƙe kuɗin, amma sababbin hukumomin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta amince da su. Sai aka mayar da su yankunan raya ƙasa, wato LCDA, kuma sai da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki a 2007 aka saki kuɗin. Wannan ne asalin adadin 57, kuma shi ya sa ɗan kasuwar Mile 12 yake hulɗa da LCDA ta Ikosi-Isheri duk da cewa ƙaramar hukumar Kosofe ce kundin tsarin mulki ya sani.

Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma a daina ba kantomomin riƙo, jihohi sun yi rige-rigen shirya zaɓe, sakamakon kuma ya fito kamar an tsaga kara. NNPP ta cinye 44 a Kano, inda APC ta cinye 44 ɗin a 2018 da 2021 zamanin Ganduje. APC ta kwashe 23 a Kaduna da 27 a Jigawa, PDP ta kwashe 20 a Bauchi. A Ribas, inda Gwamna Fubara ya rasa iko da jam'iyyarsa ta wancan lokaci, PDP, saboda rikicinsa da tsohon gwamna Nyesom Wike, wata ƙaramar jam'iyya mai suna APP, wadda ba ita ce ta 1998 ba, ta wayi gari da kujeru 22 cikin 23, kafin Kotun Ƙoli ta soke zaɓen a Fabrairun 2025. A ganina wannan misali na Ribas ya isa hujja cewa abin da ake kira sauyin goyon baya a irin waɗannan zaɓuka, sau da yawa, sauyin inda gwamna ya karkata ne. A Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen, APC da PDP sun raba kujeru shida uku-uku a Fabrairun 2022.

Wannan bai zama dalilin da Bahaushen Legas zai yi watsi da lamarin ba, domin kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da kwasar shara duk suna cikin ayyukan da kundin tsarin mulki ya lissafa wa ƙaramar hukuma. Mai yankar rasit da ke tsayawa kan mai baron albasa da sassafe, da magudanar da ke toshewa ta cika shaguna da ruwa a damina, sun fi kusa da mai tireda fiye da duk abin da ake yi a Abuja. Amma ranar zaɓen, da an hana zirga-zirga, za ka ga samari sun kafa ragar ƙwallo a tsakiyar titi, jami'an zaɓe na zaune da akwati suna jiran mutane ɗaya-ɗaya, saboda kowa ya san an gama magana tun ranar fitar da gwani. A can ne ake yin takarar gaskiya, tsakanin ɓangarorin jam'iyya mai mulki, kuma al'ummar da ba ta da katin jam'iyya a mazaɓa, ko ta bar rajistar zaɓenta a Sakkwato ko Katsina, ba ta da baki a wurin, komai yawanta a kasuwa.

Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya fito fili a 2024 ya nemi a rushe hukumomin zaɓen jihohi a mayar da aikin hannun INEC. Masu adawa da hakan suna cewa tara komai a Abuja ya saɓa wa tsarin tarayya, kuma ita ma INEC tana da nata ƙorafe-ƙorafen, maganar da ba za a kore ta ba. Sai dai sauyin yana buƙatar gyaran kundin tsarin mulki, wanda ba zai wuce ba sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun amince, kuma mafi yawansu a hannun gwamnoni suke. A Legas akwai ƙarin ƙulli, domin idan INEC ta karɓi aikin, ƙananan hukumomi 20 kawai take da hurumi a kansu, makomar sauran 37, ciki har da Orile-Agege da Ikoyi-Obalende inda Hausawa ke da yawa, za ta sake komawa gaban Majalisar Tarayya.