Kumburin fankiriyas: ciwon cikin da ake ta sha wa maganin olsa a banza

A wajenmu duk ciwon da ya tsaya a saman ciki sunansa olsa. Mutum zai dafe ƙasan ƙirji ya ce olsata ce ta tashi, a aiki yaro kemis ya karɓo omeprazole da farin maganin nan na ruwa, a sha a kwanta. Sau da yawa kam olsar ce ko ƙwannafi, amma akwai wani ciwo da yake zama a daidai wurin nan wanda waɗannan magunguna ba sa ko taɓa shi, kuma in ya yi tsanani cikin 'yan kwanaki yake kai mutum kabari. Shi ne kumburin fankiriyas. Ga abubuwan da aka fi tambaya a kansa.

Wai mene ne ma fankiriyas ɗin, a ina yake?

Wani sashe ne na kayan ciki, dogo mai laushi, tsawonsa kamar santimita 15, yana kwance a bayan tumbi can kusa da ƙashin baya, kansa jingine da farkon ƙaramin hanji, jelarsa kuma ta kai wajen saifa. Aiki biyu yake yi. Yana haɗa ruwa mai ƙarfi da ke narkar da kitse da nama da sitaci, ya tura shi ta wani siririn bututu zuwa hanji, sannan shi ke samar da insulin da gulukagon, masu daidaita suga a jini. Sinadaran narkarwar nan Allah Ya tsara su ta yadda ba sa fara aiki sai sun isa hanji. To in wani abu ya sa suka tashi tun suna cikin fankiriyas sai su fara cin naman da ya haɗa su, daga nan kumburi da azaba.

Likita ya ce ina da shi, ni kuwa ko warin giya ban sani ba. Ba ciwon mashaya ba ne?

A'a, kuma wannan zargin yana ƙona min rai don yana sa mutane su ɓoye ciwonsu. Giya tana cikin manyan dalilai biyu, gaskiya ne, amma ɗayan shi ne tsakuwar matsarmama, kuma a gari irin namu da yawancin mutane ba sa sha tsakuwar ya kamata a fara zargi. Bututun matsarmama da na fankiriyas ƙofa ɗaya suke haɗuwa su shiga hanji, kamar kwata biyu da suka haɗu a magudana ɗaya, ƙaramar tsakuwa in ta gangaro ta maƙale a bakin ƙofar sai ruwan duka biyun ya tsaya. Tsakuwar nan ta fi samun mata, musamman masu haihuwa da yawa da masu jiki da waɗanda suka haura arba'in, sannan masu sikila, su kam tun suna yara suke iya yin ta saboda yawan fashewar ƙwayoyin jininsu, shi ya sa in mai sikila ya yi ciwon saman ciki bai kamata kullum a ce ai ciwonsa ne ya tashi ba.

Akwai kuma wasu dalilan. Kitsen jini mai suna tiraigilisaraid in ya hau sosai, ya haura 1000 a ma'aunin miligiram, yana jawo shi. Yawan kalsiyam a jini, bugu a ciki kamar hatsarin babur ko yaro ya faɗi kan kan keke, hangum, tsutsar ciki doguwar nan in ta shige bututun, da wasu magunguna irin su valproate na farfaɗiya da azathioprine. Wani kuma a yi duk binciken duniya ba a gano dalili ba.

Ta yaya zan bambance shi da olsa?

A gida ba za ka tabbatar ba, amma akwai alamun da in ka gansu to ka daina maganar olsa. Ciwon fankiriyas yakan zo ne kusan farat ɗaya, cikin mintuna ya kai ƙarshen zafi, kuma ba ya lafawa ya dawo, tsayawa yake cak awa da awanni. Yana saman cibiya amma mutum zai ce maka kamar an soke shi ya fita ta baya. In ya kwanta rigingine sai ya ƙaru, shi ya sa za ka ga mai ciwon zaune ya dunƙule ya rungume gwiwoyinsa don a haka kawai yake samun ɗan sauƙi. Ga amai wanda ko an yi ba a jin daɗi, ga gumi, zuciya na bugawa da sauri, wani da zazzaɓi, wani ciki ya kumbura, in tsakuwa ce ma idanu kan yi rawaya a ce shawara ce. Sau da yawa bayan an ci abinci mai maiƙo sosai yake tasowa.

Duk wanda ciwon saman ciki ya hana shi miƙewa, yana amai, ya sha maganin olsa bai ji komai ba, dan Allah a kai shi asibiti a daren, kar a jira gari ya waye. Ko ba fankiriyas ba ne, olsar da ta huda tumbi da bugun zuciya duk haka suke zuwa, kuma babu ɗaya cikinsu da kemis zai iya.

A asibiti me za su duba?

Jini za a ɗiba a auna sinadarai biyu da fankiriyas ke fitarwa, amiles da laifes, laifes ɗin ya fi nuna gaskiya kuma ya fi daɗewa a sama. Ƙa'idar likitoci abu uku ce, in biyu suka haɗu an tabbatar: irin ciwon da na kwatanta, sinadarin ya ninka iyakarsa sau uku ko fiye, ko hoto ya nuna kumburin. Za a yi sikanin ciki don neman tsakuwa a matsarmama, a duba aikin hanta da ƙoda da suga. Babban hoton nan na siti sikan ba lallai ne a ranar farko ba, a kwana ukun farko ma bai cika nuna ainihin ɓarnar ba, don haka in likita bai tura ku ba ba sakaci ba ne, kuɗinku ya tsare muku.

Mene ne maganinsa? Mun kwana uku ruwa kawai ake saka wa mamanmu

Ruwan nan shi ne maganin. Babu wata allura da ke kashe kumburin kai tsaye, abin da ake yi shi ne a tallafi jiki har fankiriyas ya huce da kansa. Ciwon yana sa ruwa ya tsiyaye daga jijiyoyi ya taru a ciki, jini ya yi ƙasa, ƙoda ta rasa abin da za ta tace, to ƙarin ruwan da ake yi a kwana ɗaya zuwa biyun farko shi ke hana ƙoda tsayawa. Sai maganin ciwo mai ƙarfi, har irin su mofin in ta kama, da sa ido kan fitsari da numfashi.

Da can ana hana mara lafiya cin komai kwana da kwanaki wai a hutar da ciki, yanzu an gano fara cin abinci mara maiƙo da wuri, da zarar amai ya tsaya, ya fi alheri. Wanda ya kasa ci a zura masa siririyar roba ta hanci. Maganin kashe ƙwayoyin cuta kuma ba kowa ake ba wa ba, sai an ga alamar cuta ta shiga naman da ya mutu ko bututun matsarmama, kar ku matsa wa likita sai ya rubuta.

In tsakuwa ce ta jawo, a cire matsarmamar, kuma in ciwon bai yi tsanani ba an fi so a yi aikin kafin a sallami mutum. Nan ne mutanenmu ke zamewa, da an ji sauƙi sai a ce a bari tukuna a je a yi shawara a gida, a tafi kenan ba a dawo ba, alhali sauran tsakuwoyin suna nan suna jiran layi kuma dawowa ta biyu tana iya fin ta farko muni. Mutum yana rayuwa lafiya lau ba matsarmama.

Yana kisa?

Kusan mutum 8 cikin 10 nasu mai sauƙi ne, cikin mako guda sun warware. Sauran ne abin tsoro, inda wani ɓangare na fankiriyas ke mutuwa ko huhu da ƙoda su gaza. In gazawar ta wuce awa 48 ana lissafa shi mai tsanani, sai ɗakin kulawa ta musamman, kuma ana rasa mutane da yawa a nan. Wani kuma bayan sati huɗu ko fiye sai ruwa ya taru ya yi jaka a gefen fankiriyas, ya riƙa jin ciki a cike, wata jakar ta baje da kanta wata sai an zuƙe.

To shi kuma wanda ake cewa na dindindin fa?

Wannan shi ne in kumburin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru har naman ya koma tabo, ya ƙanƙance, duwatsu suka fito a cikin bututunsa. Abin da ya lalace ba ya dawowa. Giya ta shekaru ce kan gaba, sai taba sigari wadda mutane ba sa kawo ta a lissafi alhali ita kaɗai ma tana jawo shi kuma tana hanzarta ɓarnar, sai gado. Akwai wani nau'i da ke kama yara da matasa a ƙasashe masu zafi ba tare da giya ba, likitoci sun rubuta labarinsa a Indonesiya da Uganda da Najeriya da jihar Kerala ta Indiya tun shekarun 1950 da 1960, yaro ramamme mai yawan ciwon ciki, kafin ya kai talatin ga ciwon suga. An daɗe ana zargin rogo, binciken da aka yi daga baya bai tabbatar da zargin ba.

Alamarsa ciwon saman ciki mai zuwa yana dawowa, ya fi tashi bayan cin abinci har mutum ya fara tsoron ci. Can gaba, in kusan kashi 90 cikin 100 na aikin narkarwa ya tafi, sai bayan gida ya canza, ya zama mai yawa, fari-fari, mai maiƙo da mugun wari, yana yawo a saman ruwa ba ya tafiya. Mutum na ci yana ramewa, a fara cewa sammu ne ko tsotse shi ake. Bitamin A da D da E da K ba sa shiga jiki sai da kitse, don haka ƙashi ya yi rauni, gani da dare ya ragu. Daga ƙarshe suga. Masu wannan ciwon haɗarin kansar fankiriyas ya fi yawa a kansu, shi ya sa sabuwar rama mai sauri ko rawayar ido ba abin yin shiru ba ne.

An rubuta min Creon, wani ya ce daga alade ake yin sa. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, Creon magani ne mai ɗauke da sinadaran narkar da abinci da fankiriyas ya kasa samarwa, daga fankiriyas ɗin alade ake ciro sinadaran, kuma har yau babu wani wanda ba na alade ba da ke aiki kamarsa. Malamai da dama sun halatta shi a babin lalura tunda babu madadi kuma rashinsa cutarwa ce a fili, amma ka je wa malamin da ka yarda da shi da cikakken bayanin likita, kar ka ajiye maganin a ɓoye kana ramewa. Kuma a san yadda ake shan sa: tare da lomar farko ake haɗiya, in abincin da yawa a ƙara a tsakiya, ba a taunawa, ba a sha bayan an gama da awa guda don a lokacin abincin ya riga ya wuce. Yana da tsada, wannan kam ba a ɓoyewa, kuma sha ne na kullum.

Me zan ci, kuma zan iya azumi?

Giya da taba a bar su kwata-kwata, babu maganar ragewa. A ci kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida maimakon a cika ciki sau biyu, a rage soye-soye da kitsen nama da man shanu mai yawa, amma wanda yake shan Creon ba a so ya yanke mai gaba ɗaya don ramar za ta ƙaru. Maganin ciwo a bar wa likita ya tsara, wallahi mutane da yawa ta wannan ciwon suka faɗa tiramol suka kasa fita, in ciwon ya ƙi ji akwai aikin buɗe bututu ko cire duwatsun da ake yi a manyan asibitocin koyarwa.

Azumi kuma ya danganta. Wanda ya yi mai sauƙi sau ɗaya, an cire matsarmama ya warke, yawanci ba matsala, ya dai kiyaye buɗa baki da tulin ƙosai da soyayyen nama lokaci guda. Wanda nasa ya kai ga suga yana allurar insulin shi ne abin ji, domin gulukagon ɗin da zai ɗaga masa suga in ta faɗi shi ma ya ragu, sugarsa tana iya faɗuwa ƙasa warwas da rana ba tare da gargaɗi ba. Irin wannan ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a duba ko zai iya, in an ce ba zai iya ba ya tambayi malamai hukuncin ciyarwa.